Yaushe ganyen kaka ke cika launi a kewayen New York, kuma ina za a je ba mota?

Baƙuwar Birni:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san kan zancen ganyen nan da ke rikiɗa ja da rawaya a lokacin kaka. Kwana ɗaya tak gare mu a Oktoba, ba mota, kuma akwai yara biyu da tsohuwa a tafiyar. Wani ya ce a je farkon wata, wani ya ce sai ƙarshe. Wanne ne daidai? Kuma ina za a iya zuwa da jirgin ƙasa daga cikin New York a dawo a yini guda?

Mai Taswira:

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Duk su biyun gaskiya suka faɗa, sai dai kowa da wurin da yake nufi. Launin daga arewa yake gangarowa kudu, daga kan duwatsu zuwa kwari. A duwatsun Adirondack yana cika tsakanin ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, a Catskill daga farkon Oktoba zuwa tsakiyarsa, a kwarin kogin Hudson daga tsakiyar wata zuwa ƙarshe. Cikin birni shi ne auta: sai ƙarshen Oktoba, wani lokaci har mako na biyu na Nuwamba. Kwalta da siminti suna shan zafin rana su riƙa sakinsa da dare, ga teku a kusa, don haka sanyin dare yana jinkirin kama bishiyoyin gari. A kan tudu kuwa, kowace mita 1,000 da aka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5, shi ya sa za ki ga ƙwanƙolin dutse ya yi jawur alhali gindinsa na nan kore shar.

To, ki fara tsayar da ranar, sannan ki zaɓi wurin da launin ya iso a wannan makon. Ofishin yawon buɗe ido na jihar New York, mai taken I LOVE NY, yana fitar da rahoto da taswira a intanet kowace Laraba tun daga Satumba. Ki duba na Larabar da ke gab da tafiyarku, kada ki dogara da na bara.

Idan ranar ta faɗa tsakanin 15 da 25 ga Oktoba, ku hau jirgin Metro-North na layin Hudson daga tashar Grand Central da ke cikin birni zuwa garin Cold Spring, tafiyar kamar awa ɗaya da minti ashirin. Ku zauna ta hagu a zuwa, ta dama a dawowa, nan ne ɓangaren kogi. Rabin kallon ma a cikin jirgin ake yinsa. Daga tasha, bakin kogi shimfiɗe yake, kuma hanyar ƙafa ta wurin shaƙatawa na West Point Foundry Preserve tana nan kusa, mai sauƙi ce. Dutsen Bull Hill, wanda ya kai kusan mita 430, na masu ƙarfin gwiwa ne: awa uku zuwa huɗu, hawa mai tsauri. Kada ma a fara shi da tsohuwa.

Malamin Itace:

Bari in ƙara kan abin da ɗan'uwa Mai Taswira ya faɗa, don taswira tana nuna lokaci ne kawai, ba ta nuna ko shekarar za ta yi kyau.

Rawaya da ruwan goro dama suna cikin ganyen tun bazara, koren kulorofil ne ya danne su. Da dare ya fara tsawo sai bishiya ta daina sabunta koren, ta janye abin amfanin da ke ganyen zuwa reshe, rawayar ta bayyana. Wannan kusan kowace shekara ana samunsa. Ja ne mai rigima. Sabon sinadari ne, antosayanin, da ganyen ke haɗawa a kaka daga sukarin da ya maƙale a cikinsa yayin da mahaɗarsa da reshe ke toshewa. Yana son rana tarwai da yini, da dare mai sanyi amma wanda bai kai ga daskarewa ba. Idan aka yi mako biyu ana hadari da ɗumi, jan sai ya fito a dushe. Idan an yi fari a bazara, ganyen yakan ƙone daga gefe ya zube tun bai rikiɗa ba. Sanyi mai daskarar da ruwa kuma yana kashe shi dare ɗaya, a wayi gari ya koma ruwan ƙasa. Babban maƙiyi dai iska ce mai tafe da ruwa: dajin da ya cika ranar Alhamis zai iya zama ƙarare ranar Asabar. Cikar launi a wuri guda ba ta cika wuce mako ɗaya zuwa kwana goma ba, don haka in za a kuskure, gara a riga ta da kwana uku da a makara da kwana uku. Kore da ja a gauraye sun fi reshe tsirara.

Irin bishiya ma yana da nasa. Maful, wadda ganyenta ke jikin tutar Kanada, ita ke ba da jan da ruwan goron da ake ɗauka a hoto, kuma da wuri take yi. Bishiyar ok (oak), mai 'ya'ya masu 'yar hula, tana makara, launinta kamar na tagulla, takan riƙe ganye har cikin Nuwamba. Ginko da ke bakin titunan birni, mai ganye kamar ƙaramin mafici, tana zama rawaya tsantsa, sannan bayan daren sanyi mai ƙarfi ta kan zubar da kusan duka cikin kwana ɗaya ko biyu.

Yar Layin A:

Ni kam da yara da tsohuwa ban ga dalilin wahalar Cold Spring ba, Yaya Mai Taswira. Ranakun Asabar da Lahadi na Oktoba jirgin nan cika yake, a dawowar yamma wasu a tsaye suke zuwa. Idan Hajiya za ta iya tura ranar zuwa makon ƙarshe na wata, cikin gari ya wadatar. A Central Park, babban lambun tsakiyar birni, akwai bishiyoyi wajen 18,000. A bar kudancinsa da cunkoso, a shiga ta yamma wajen titi na 103, inda ƙaramin tafkin da ake kira Pool yake, a bi rafi zuwa dajin North Woods. Ga kujeru, ga inuwar ganye a kan ruwa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na A yana ƙarewa a titi na 207, 'yar tafiya kaɗan sai Inwood Hill Park, inda ake hango duwatsun Palisades a tsallaken kogi. Lambun tsirrai na Bronx kuma yana da tsohon daji mai eka 50, da tasharsa a layin Harlem, kusan minti ashirin daga Grand Central, amma ana biyan kuɗin shiga.

Masu mota da ke karanta wannan: wuraren shaƙatawa na Bear Mountain da Harriman, a arewacin birni, suna da kyau, sai dai filin ajiye motoci yakan cika tun da hantsi a ƙarshen mako. A isa kafin 8 na safe ko a je ranar aiki.

Mai Taswira:

Na yarda, in makon ƙarshe ne maganarki ta fi. Saura abin da ke ɓata tafiya, ko a ina aka je.

Ganye jiƙaƙƙe a kan dutse santsi gare shi kamar sabulu, kuma a gangara aka fi faɗuwa, don haka takalmi mai gargada a tafi, tsohuwa kuma da sanda. Ganyen da ya zube yana rufe turba gaba ɗaya. A bi alamun fenti ko faifan launi da ke jikin bishiyoyi. Alama biyu a haɗe na nufin kwana. In an yi minti biyar ba a ga alama ba, a koma ta ƙarshe da aka gani. A sauke taswira a waya tun a gida, don sabis yakan ɗauke a kwari.

A ƙarshen Oktoba rana tana faɗuwa wajen 6, amma a gindin dutse duhu yana riga haka. Daga Lahadin farko ta Nuwamba ana mai da agogo baya da awa ɗaya, faɗuwar rana ta dawo kafin 5. A riƙe tocila, a sa riga biyu ko uku marasa nauyi maimakon ɗaya mai kauri.

Sai a kula da yara, don su ne masu tsintar ganye. Akwai wata yaɗo mai ganye uku-uku, foizin aibi, da ke yin ja mai ɗaukar ido a kaka, kuma man jikinta na nan da ƙarfinsa: ƙaiƙayi da ƙuraje na kwanaki. In an taɓa, a wanke da sabulu da ruwa nan take. Kaska ma ba ta tafi ba. Manyanta sun fi yawo a Oktoba da Nuwamba, cikin tarin ganye, kuma suna iya yaɗa cutar Laim. A cusa ƙafar wando cikin safa, a duba jiki da an dawo, musamman bayan kunne, hammata da bayan gwiwa. In an samu ta maƙale, a kama ta da matsefata gab da fata a ja a miƙe, ba murɗawa, ba ƙona ta da ashana. Idan jan tabo mai faɗaɗa ko zazzaɓi ya biyo baya, a ga likita.

Baƙuwar Birni:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mun tsayar da makon ƙarshe, North Woods. In aka tashi da hadari fa, a fasa?

Malamin Itace:

Kada ku fasa, Hajiya, in dai ba iska mai ƙarfi. Launi ya fi fitowa a ranar lumshi, kuma ganyen da yayyafi ya taɓa ya fi sheƙi. In kuwa an samu rana, ku je kafin 10 na safe ko bayan 3, ku tsaya yadda ranar za ta kasance a bayan bishiyar, hasken ya ratso ta cikin ganyen.