Tsohon shagon Baba zan mayar akurkin kaji, wanda ya taɓa yi ya ba mu labari

Daga Asawase:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani tsohon shago na katako da kwano a bayan gidanmu, marigayi Baba ne ya buga shi da hannunsa yana ajiye gawayin da yake sayarwa, tun rasuwarsa ba mai shiga sai ɓeraye. Yayyena sun ce a rushe, ni kuma raina bai so ba. Shi ne nace bari in gyara in zuba kaji kamar 12 ko yara sa riƙa samun ƙwai da safe. Faɗinsa ƙafa 8, tsawo ƙafa 10. Har na sayo fenti shuɗi galan ɗaya a kasuwar Kejetia nan Kumasi. Dan Allah wanda ya taɓa irin wannan aikin ya faɗa min ta inda ya fara.

Kafinta daga Sawaba:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan Baba. Ajiye fentin nan tukuna, shi ne na ƙarshe. Na gyara wa mahaifiyata irinsa. Ki ɗauki sukudireba ki bi ƙafafun shagon ɗaya bayan ɗaya kina sokawa daga ƙasa, inda ta nutse kamar cikin burodi to gara ta gama da wurin. Yawancin tsofaffin shagunan nan da katakon wawa aka buga su saboda arha, gara kuwa wawa ce tuwonta, katakon odum ne take shakka amma kin san kuɗinsa yanzu. Ni abin da nayi na yanke ruɓaɓɓen na ɗora ginshiƙan a kan bulo yadda katako ba zai taɓa ƙasa ba. Sannan na cire allunan bango daga ƙugu zuwa sama ta gefe biyu na buga waya, don kwano da rana tanda ne, kaza kuma ba ta gumi, sai dai ki ga ta buɗe baki tana haki. Wayar ki nemi mai ƙananan ido, mai manyan ido ɓera wucewa yake ya sha ƙwai. Fili kam ya ishe ki, ana ba kaza ɗaya kamar murabba'in ƙafa 4, ko 20 shagon zai ɗauka amma ki tsaya a 12 ɗinki.

Daga Aboabo:
Yaya ni ƙasan wurin zan yi miki magana don nan na sha kuka. Nawa na gyara da rani komai tsaf, na yi fenti har maƙwabta na zuwa kallo, ban taɓa tunanin ƙasan shagon ya fi tsakar gida zurfi ba. Ruwan watan Yuni na zuwa, dare ɗaya gwata ta cika ta tumbatso, da asuba na tarar da kajin a tsaye cikin ruwa suna karkarwa. Ba ruwan ne ma ya kashe su ba, bayan ya janye ne ƙasa ta ƙi bushewa, wari ya tashi mai sa ido hawaye, bayan kwanaki kaɗan suka fara kashin jini, cikin 15 shida suka rage min kuma kuɗin adashe ne na zuba wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Da na sake, sai da na cika wurin da ƙasa na ɗaga shi ya fi tsakar gida da tsayin bulo ɗaya, aka dafe da siminti aka ɗan karkata shi wajen ƙofa. Ina zuba ɓawon katako da nake ɗebowa a Sokoban, wanda injin goge katako ke fitarwa, ba garin zarto ba don tsaki suna cin garin. Ki tuna nan Kumasi damina biyu muke yi, ana gama babbar kin ɗan huta ta Satumba ta shigo. Ki hau ki duba kwanon ma, duk hujin ƙusa a toshe.

Daga Tafo:
'Yata ki shafe katakon da baƙin man mota, mu haka muka taso muna yi, gara ba ta zuwa.

Daga Alabar:
Baba na Tafo a yi min afuwa, baƙin mai kam ban goyi baya ba a cikin akurki. Gara na gudunsa gaskiya ne, amma kaza komai sara take, abin da ta ci kuma yana iya biyo ƙwan da za a soya wa yara. Wannan darasin a kan fenti na koye shi. Shagon da na gada tsohon fentin mai ne a jikinsa yana ɓarewa, na bi kansa da sabo ba tare da na kankare ba, wata biyu ya fara zubowa ɓawo ɓawo kajin na tsinta kamar tsaba. Malamin dabbobi da ya zo duba su ya ce tsofaffin fentin mai da yawa akwai dalma a ciki, guba ce, kuma yara ƙanana ta fi yi wa illa. Ranar ban yi barci ba. Na kwashe kajin zuwa kwando, na jiƙa bangon don kar ƙura ta tashi, na ɗaure hanci na kankare tas, na tattare ɓawon a leda. Ciki farar ƙasa kawai na shafa, tana haskaka wuri, in ƙuma ko kwarkwatar kaji ta fito a bango nan take za ki gani, kuma da arha ki sake duk shekara. Shuɗin naki ki yi waje da shi. In na mai ne ki bar ƙofa a buɗe har sai kin shiga ba ki ji warinsa ba, nawa ya haura sati.

Daga Aboabo:
Na manta, kafin hunturu ki tabbata an ɗiga musu maganin rigakafin cutar Niyukasul a ido, I-2 ake ce masa, ofishin dabbobi suna da shi, ana maimaitawa bayan wata uku zuwa huɗu. Kuma kazar kasuwa kar ki haɗa ta da naki sai ta yi sati biyu a ware.

Daga Asawase:
Allah ya saka muku da alheri, na karanta duka. Yau da yamma na bi da sukudireba, ƙafa biyu na baya sun tafi, sauran lafiya lau. Fentin jikinsa ma yana ɓarewa don haka kankara zan fara, galan ɗin na tura ƙarƙashin gado. Sai dai da na share bayan ƙofa na tarar da rubutun Baba da ajami, lissafin buhunan gawayi da ya bayar bashi, na daɗe a tsaye. Malam kafinta, ƙofar nan ba na son a kankare ta kuma ba na son kaji su sare ta, in na cire ta na ajiye a ɗaki, sabuwa mai rabin waya da wane katako za a buga min wanda ba zai fi ƙarfina ba?