Tambaya: ya ake raba wa sababbin 'yan majalisar tarayya kwamitoci ne?

Ɗan Kwari

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin harkar majalisa ku fahimtar da ni, ya ake yi ne a raba wa 'yan majalisar tarayya kwamiti, musamman wanda zuwansa na farko kenan? Shi yake zaɓa ko ɗora masa ake yi? Abin da ya sa na tambaya namu ɗan majalisar sabon shiga ne, kuma maganar da ake ta yi a layinmu ita ce wai bai samu kwamiti mai maiƙo ba saboda haka kar ma mu sa ran komai, wasu kuma na cewa ai yana cikin kwamitoci da yawa shugabanci ne kawai bai samu ba, ni kuma gaskiya abin ya dame ni don mun sha rana a layi kafin mu zaɓe shi, in har shekara huɗu zai yi a Abuja ba shi da ta cewa to gara mu sani. Sannan wane kwamiti ne ma ya fi amfanar mutumin cikin birnin Kano, mu da rayuwarmu kasuwa ce?

Malam na Gwale

Wa alaikumus salam Alhaji. Abu biyu ne mutane ke haɗawa, zama mamba a kwamiti daban, zama ciyaman daban. Mamba kam kowa yana samu, babu ɗan majalisar da ake bari haka nan, galibi ma mutum ɗaya za ka same shi a kwamitoci da dama. Sashe na 62 na tsarin mulkin 1999 ne ya ba kowace majalisa damar kafa kwamitocinta yadda ta ga ya dace, to da zarar an zaɓi Kakaki sai a kafa kwamitin da zai yi rabon, Kakakin ne da kansa yake jagorantarsa tare da mataimakinsa da wakilai daga jihohi. Ana tambayar 'yan majalisa inda suke so, ana duba karatun mutum da aikin da ya taɓa yi, ana kuma ƙoƙarin a ga kowace jiha ta samu wakilci, amma son mutum ba shi ne hukunci ba, abin da shugabanni suka rubuta shi ake karantawa a zaure.

Ka duba majalisa ta 10 da aka rantsar ran 13 ga Yuni 2023. Kakakin majalisar wakilai Tajudeen Abbas ya sanar da kwamitoci 134 a ƙarshen watan Yuli, alhali 'yan majalisar wakilai duka-duka su 360 ne, in ka lissafa ciyaman da mataimaki ka ga kujera 268 kenan, a majalisar dattawa kuma shugabanta Akpabio ya fito da 74 ga sanatoci 109. To ka ga ba kujera ce ta yi ƙaranci ba, nauyinsu ne ba ɗaya ba. Kwamitin kasafin kuɗi da na harkar kuɗi da na man fetur da na ayyuka da na tsaro da na kwastan, waɗannan su ake kashe kai a kansu, kuma abin da ake fara dubawa shi ne karo nawa ka zo majalisar, wace jam'iyya kake, sannan wa ka bi lokacin zaɓen Kakaki. Sabon shiga a ƙa'idar farko kaɗai an riga an bar shi a baya. Har ma majalisar dattawa ta gyara dokarta a Oktoban 2023 ta ce sanata ɗan karon farko ba zai nemi shugabancinta ko mataimaki ba. Amma ba doka ba ce cewa sabo ba ya samun ciyaman, Sanata Oshiomhole zuwansa na farko kenan aka ba shi kwamitin harkokin cikin gida, to amma shi tsohon gwamna ne kuma tsohon shugaban jam'iyya, da nauyinsa ya shigo.

Maman Sadiƙ

Malam bayaninka ya fita amma ni dai ina tare da 'yan layin su Alhaji, kar mu yaudari kanmu, ciyaman shi ne kwamiti. Shi yake kiran zama, shi yake sa hannu a rahoto, shi minista yake ɗaukar wayarsa, in ana maganar gurbin aiki a wata hukuma ko a saka hanya ko asibiti a bajet ta wajensa ake bi, sauran mambobi wani lokacin sai dai su ji a gari. Mu a Kano ai mun ga wannan da idonmu tunda kujerar kasafin kuɗi ta sha zuwa jihar nan, Barau Jibrin ya riƙe ta tun yana wakiltar Tarauni a zubin 1999, ya sake riƙe ta a majalisar dattawa daga 2019 zuwa 2023, Abdulmumin Jibrin Kofa ya riƙe ta wakilai a 2015 har zuwa rigimar cushen kasafi ta 2016, sannan a 2023 aka ba Abubakar Kabir Bichi bayan ya riƙe kwamitin ayyuka a majalisa ta 9. Duk mai bin siyasar Kano ya san mazaɓar da ɗanta ke kan irin wannan kujera ba a haɗa ta da sauran.

Abin da ke ci mini rai shi ne mu 'yan cikin gari kusan duk zaɓe sai mun canja mutum, ya fara gane hanyar ofis kenan sai a ce a kawo wani, sannan mu dawo muna kukan ba a ba mu kwamiti ba. Ba wai ina cewa a bar wanda bai yi aiki ba ne, a'a, amma mu sani duk ranar da muka tura sabo to daga bayan layi zai fara, kuma a 2023 mafi yawan kujerun Kano NNPP ce ta ci alhali APC ke da rinjaye a majalisar, to ka ga abu biyu sun haɗu a kan mutum ɗaya, ga sabunta ga adawa.

Tsohon Hadimi

Hajiya ki yi haƙuri zan ɗan saɓa miki, na taɓa yin aikin hadimi a majalisar kuma abin da na gani ya sa ba na raina kujerar mamba. Gaskiya ne ciyaman yana da ƙarfi sosai, ban musa ba. Amma babbar matsalar kwamitocin nan ita ce rashin zuwa, mutum yana cikin kwamiti rututu kuma lokacin kare kasafi duk a mako ɗaya ko biyu ake yin su, wannan na zama ƙarfe goma wancan ma ƙarfe goma, to sai ka shiga ɗakin zama ka tarar da shugaban hukuma ya zo da daraktocinsa sun cika wuri amma 'yan majalisar da ke zaune ba su taka kara sun karya ba. A irin wannan ɗakin duk wanda ya zo kullum, ya karɓi takardu wajen akawun kwamiti tun kafin ranar, ya karanta, ya yi tambaya mai ma'ana, wallahi kafin shekara ta zagayo ciyaman da kansa yake nemansa, in za a kafa ƙaramin kwamiti shi za a ba, in za a fita duba aiki da shi za a tafi, hukumar ma ta san sunansa. Alhaji tunda ɗan Kwari ne zai gane, zauren nan da ake nunawa a talabijin gaban shago ne kawai, kayan suna sito. Ƙudiri in ya wuce karatu na biyu kwamiti ake miƙa wa, can ake zaman jin ra'ayin jama'a, can ake cire sakin layi a saka wani, in ya dawo zaure yawanci amincewa kawai ake yi.

Maganar adawa kuwa ba rufaffiyar ƙofa ba ce. Kwamitin bin diddigin kuɗin gwamnati, wanda ke duba rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya, 'yan adawa ake ba shugabancinsa, a 2023 Bamidele Salam na PDP aka ba a wakilai, Ahmed Wadada da ya ci zaɓe a SDP aka ba a dattawa, kuma babu hukumar da ba ta jin tsoron takardar gayyatarsa. Sashe na 88 da 89 sun ba majalisa ikon bincike da kiran kowa ya zo ya yi bayani, wannan ikon ta kwamiti ake amfani da shi kuma ba a ce sai ɗan jam'iyya mai mulki zai yi tambaya ba. Kano ma ai ta samu a ɓangaren marasa rinjaye a 2023, Ali Madaki na Dala ya zama mataimakin shugabansu a wakilai, Rufa'i Hanga kuma mataimakin mai tsawatarwa a dattawa. Sannan kujerar ciyaman ɗin da muke ta hange aro ce, wanda ya ba ka zai iya karɓewa, Sanata Ndume an cire shi daga mataimakin shugaban kwamitin kasafi a 2024 aka mayar da shi kwamitin yawon buɗe ido, Sanata Natasha an ɗauke ta daga kwamitin da aka fara ba ta a 2025.

Tambayarka ta ƙarshe Alhaji ita ce ta fi muhimmanci a wajena kuma ita ce ba a cika yi ba. Mutumin da ke wakiltar Fagge ko Birni ko Dala ko Nasarawa, ni zan fi so na gan shi a kwamitin kwastan da na kasuwanci da na masana'antu da na wutar lantarki a kan a ce yana wani kwamiti mai suna da bai taɓa rayuwarmu ba, don kuɗin fiton da ake ɗora wa yadi da atamfa shi ke yanke farashi a Kwari, rashin wuta shi ya kwantar da kamfanonin Bompai da Sharada da Challawa, ga tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da bututun gas na AKK (Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano), duk waɗannan akwai kwamitin da ke da ikon tambayar ina aka kwana. Ga kuma asibitin Malam Aminu Kano da na ƙashi na Dala da jami'ar Bayero, dukkansu na tarayya ne, kasafinsu ta hannun kwamiti yake bi duk shekara.

Ɗan Kwari

Allah ya saka da alheri, Malam da Hajiya da kai ɗan uwa, na ƙaru ƙwarai. Maganar Hajiya ta yawan canji ta tsaya mini a rai amma ta kwastan ɗin nan ita ta fi taɓa ni don mu muka san yadda kuɗin fito ke gasa mu. To yanzu ta ina talaka zai san kwamitocin da nasa yake ciki, kuma ko yana zuwa zaman ma? Sannan in ba ya cikin wanda ya dame mu an gama kenan sai wani zaɓen?

Tsohon Hadimi

Ba a gama ba Alhaji, ana yin garambawul a tsakiyar zango, kuma ɗan majalisa yana iya rubuta wa Kakaki ya nemi a saka shi a wani kwamitin, zama mamba bai kai neman ciyaman wahala ba. Sunayen ba sirri ba ne tunda a zaure ake sanar da su, ku je ofishinsa na mazaɓa ku nema, in ba a samu kowa ba a nemi hadimansa, kowane ɗan majalisa gwamnati na biya masa hadimai biyar. Amma kar ku je ɗai-ɗai, ku sa shugabannin kasuwa su rubuta takarda da sunan ƙungiya, a tambaye shi kwamitocin da yake ciki, zama nawa ya halarta lokacin kare kasafin bara, me ya faɗa a madadinku, a kuma rubuta masa matsalolin fito dalla-dalla yadda zai iya karantawa a gaban shugaban kwastan ranar da ya zo. In kuma aka sanar da zaman jin ra'ayin jama'a kan dokar da ta shafi haraji ko shigo da kaya, ƙungiyarku tana da damar aika tata takardar kai tsaye ga akawun kwamitin ko da ɗan majalisarku ba ya ciki, ana buga sanarwar a jaridu kafin ranar, ku sa wani yaro mai bin labarai ya riƙa duba muku.