Yaya za mu ce "real return" da Hausa?

Bilki_Agege: Salamu alaikum. Malamai a taimaka, gobe da safe zan gabatar da shiri a rediyo kan zuba jari, "real return" ta hana ni sakat. Ina nufin abin da ya rage wa mai jari bayan hauhawar farashi ta ci rabonta. A Disambar 2024 hauhawar a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100. Wanda jarinsa ya kawo kashi 20 a shekarar, kuɗinsa sun ƙaru a takarda, amma shinkafar da za su saya ta ragu.

Malam Habu: Riba ta haƙiƙa.

Ɗanladi_Mile12: Tsantsar riba fa?

Malam Habu: Wannan ta ɗan kasuwa ce bayan ya fitar da kuɗin mota da na 'yan dako. Ba ruwanta da hauhawa.

Alhaji Garba Canji: Ni "tsabar riba" nake cewa: a sheƙe ƙaiƙayi, tsaba ta rage. A 2023 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya tashi da kusan kashi 46, amma da Babban Banki ya saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen 460 ta kai kusan 900 a ƙarshen shekara. Wanda ya shigo da dala daga Landan da asara ya koma. Haƙiƙa kuma Larabci ce, a daina aro.

Bilki_Agege: Alhaji, ina tsoron mai sauraro ya ji kamar tsabar kuɗi, wato kuɗi hannu. Kuma naka lissafin canji ne, nawa na farashin kaya.

Malam Habu: Ita ribar ma ai Larabci ce, Alhaji.

Alhaji Garba Canji: Kuna aji, mu muna Broad Street, titin hada-hadar kuɗi na Legas, rana na dukanmu. Sai kalma ta fito daga Kano za ta zama Hausa?

Nura_Fagge: Hausar Legas da ta cuɗe da Yarbanci ce za ta raɗa mana suna?

Ɗanladi_Mile12: Kakanninmu na fataucin goro a Agege ba a haifi babanka ba. Iya bakinka.

Bilki_Agege: Don Allah a yi haƙuri, dare ya yi. Zan ce "riba ta haƙiƙa, wato bayan an cire hauhawar farashi". Ta canjin dala sai wani makon.

Alhaji Garba Canji: Ki faɗa, 'yata, shirinki ne. Amma ranar ta canji, tsabata za ki saka.