Gas ɗin tukunya mun sani, ɗayan fa me za mu kira shi?

Jama'a, ina neman shawara. Abin da Turawa ke kira natural gas har yau ba shi da tsayayyen suna a bakinmu. Masu labarai suna cewa "iskar gas", amma da wannan sunan muke kiran na girki da ake ɗura wa tukunya a Gawon Nama ko Mabera a Sakkwato. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kuma, ga batun mayar da motoci da Napep kan gas. Duk suna ɗaya, alhali ba jinsi ɗaya ba ne.

Wanda nake nufi, mafi yawansa sinadarin metan ne, ana haƙo shi daga rijiyoyin Neja Delta. Shi za a turo ta bututun Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Na tukunyar girki kuwa haɗin furofan da butan ne, a ruwa-ruwa yake cikin tukunya, shi ya sa idan ka jijjiga ta kake jin yana motsi.

Bambancin da ya fi damuna: metan ya fi iska rashin nauyi, in ya yi yoyo sama yake tashi. Na tukunya ya fi iska nauyi, kwanciya yake yi a daɓe, ya taru a ƙarƙashin kantar madafa yana jiran ashana. Matar da ta ji a rediyo an ce "gas sama yake tashi" ta ɗauka da tukunyarta ake, an cuce ta. Haka mai motar da ya zaci tukunyar madafa za ta ɗauki gas ɗin mota, wato metan ɗin da ake dannawa da ƙarfin da ya kai 200 a ma'aunin matsi na "bar", fiye da ninki goma na abin da ke cikin ta girki.

Ga sunayen da aka kawo mini zuwa yanzu. Wani ɗalibi ya ce "gas na halitta". Ɗan'uwa, wannan fassarar kalma da kalma ce, kuma wanne ne ba halittar Allah ba? Wata Hajiya ta ce "ɗanyen gas", kamar ɗanyen mai. Ya yi daɗin faɗi, Hajiya, sai dai kafin ya shiga bututu an riga an tace shi, an cire masa ruwa da datti, ba ɗanye ba ne kuma.

Ni da farko na so "gas mai tashi" da "gas mai kwanciya", don sunan ya zama gargaɗi. Sai wani dattijo ya rubuto da Sakkwatancinsa: "Yaro, in kac ce gas mai tashi, wa ka sayen shi? Kowa cewa zai yi tashi da gida za ya yi." Gaskiyarka, Baba, na janye.

Dattijon ne ya kawo "gas ɗin ƙasa". An yi ƙorafin cewa ƙasa tana iya nufin Najeriya, a ɗauka gas ɗin gwamnati ne. Ban ga matsala ba. Muna cewa ma'adinan ƙasa da arzikin ƙasa, babu mai ruɗewa.

Saboda haka ni dai daga yau: gas ɗin ƙasa ga metan, gas ɗin tukunya ga na girki, matsattsen gas ga na mota. Saura metan ɗin da ake sanyayawa har digiri 162 ƙasa da sifili ya koma ruwa, a loda shi a jirgi daga Bonny. "Ruwan gas" ya faɗo mini, amma na tukunya ma ruwa ne. Malaman kimiyya na Jami'ar Ɗanfodiyo, wannan naku ne.