Me ya sa kuɗin fanel ɗin sola na Chaina yake ta karyewa?

DanPZ: Salamu alaikum jama'a. Kayan sola nake sayarwa a PZ nan Zariya, fanel da batir da inbata. Abin da ke ɗaure min kai shi ne komai a ƙasar nan hawa yake amma fanel in ka lissafa da dala sauka yake yi, wanda na saro bara yana nan jingine ƙura ta rufe shi, sabo ya zo ya fi shi ƙarfi ya kuma fi shi araha. Wani abokina mai zuwa Guangzhou ya ce wai rigimar Chaina da Amurka ce. To ina ruwan Trump da shagona? A warware min don Allah kafin in sake zuba kuɗi.

Ɗalibin Samaru: Wa alaikumus salam yallaɓai. Abokinka yana da gaskiya amma rabi ya faɗa maka. Matsalar daga cikin gida ta faro, da harkar gine-gine ce ke jan tattalin arzikinsu sai ta durƙushe, katafaren kamfanin Evergrande bashi ya cinye shi har kotun Hong Kong ta ce a rushe shi a Janairun 2024. Sai gwamnatin Xi Jinping ta karkata kuɗi wajen sola da batir da motocin lantarki, masana'antu suka yi yawa suna ta karya wa juna farashi, yanzu sama da kashi 80 cikin 100 na fanel ɗin duniya can ake yi, su kuma mutanensu sun ƙulle aljihu ba sa saye sosai. Ga Amurka ta toshe ƙofa, tun Biden a 2024 ya kai harajin sola kashi 50, Trump ya zo a 2025 har sai da harajin kayansu ya taɓa kashi 145. Kaya ya yi kwantai dole a nemo kasuwa, mu ne kasuwar.

Baba Tudun Wada: Yaro ka yi karatu, Allah ya yi albarka. Amma ni arahar nan tsoro take ba ni. Shekara goma sha ɗaya na yi a masaƙa a Kakuri ta Kaduna, da idona na ga atamfar Chaina ta cika Kantin Kwari da rabin kuɗin tamu, har zanen namu suke kwafa. Ban ce su kaɗai suka kashe mu ba, rashin wuta da fasa-ƙwauri sun yi nasu, amma ranar da aka sa kwaɗo a get mu dubbai muka koma gida. Auduga kuma da ake lodi daga Funtuwa yanzu wa ke maganarta.

Maman Hanifa: Baba a yi haƙuri, ni dai fanel biyun nan su ke riƙe min firiza nake sayar da ƙanƙara da zoɓo a Sabon Gari, da ba su yi araha ba ina zan iya. Kuma jirgin Kaduna zuwa Abuja da aka buɗe a 2016 ai su suka gina, layin Kano da zai ratsa ta nan Zariya ma kamfanin nasu na CCECC ne ke yi.

Baba Tudun Wada: Bashi ne 'yata, ba kyauta ba. Dala miliyan 500 bankinsu na Exim ya ba da a jirgin Abujan, jikokinki za su taya biya.

DanPZ: Na gode ƙwarai. Kenan in daina tara kaya, in dinga sarowa kaɗan-kaɗan. Maman Hanifa in kina son ƙari akwai na bara guda shida, zan yi miki sauƙi.