Rage layin motoci domin bas da keke: ba zai ƙara cunkoso ba?

Malam Sabo:
Assalamu alaikum. Ina roƙon masu ilimin tsara birane su warware mini wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Ana yawan ba da shawarar cewa babban titi mai layi huɗu a cikin gari a rage shi, a ware wa bas layi ɗaya, a faɗaɗa gefen da masu tafiya a ƙasa ke bi, sannan a yankar wa masu keke nasu wurin. A tunanina, titin da motoci suka riga suka cika safe da yamma, idan aka ƙwace masa layi, ai cunkoson ne zai ninka. Shin akwai wata hujja da ta wuce sha'awar ganin gari ya yi kyau a hoto?

Injiniya Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam Sabo. Amsar tambayarka tana cikin abin da ake ƙirgawa. Idan motoci ake ƙirgawa, kana da gaskiya. Idan kuwa mutane ake ƙirgawa, lissafin ya sauya, domin yawancin motocin da ke cika titi da safe mutum ɗaya ko biyu ne a cikinsu, alhali doguwar bas ɗaya tana ɗaukar abin da motoci da dama za su ɗauka. Matsalar ita ce, muddin bas ɗin na maƙale a cikin cunkoso ɗaya da kowa, babu mai barin motarsa ya hau ta. Abin da birnin Kuritiba na Brazil ya gane ke nan tun 1974, lokacin da ya ware wa bas hanyarta ita kaɗai, Bogota ta Kolombiya kuma ta bi sahu a shekarar 2000.

Faɗaɗa titi ma an gwada shi har an gaji. A Hustan ta Amurka an kammala faɗaɗa wata babbar hanya a 2008 har ta shiga sahun mafi faɗi a duniya, amma cikin 'yan shekaru cunkoso ya dawo, saboda duk sabon fili da aka buɗe yana jawo sabbin tafiye-tafiyen da a da ba a yin su. Birnin Seul na Koriya ta Kudu kuwa ya rushe wata gadar sama ta motoci a 2003, ya maido da rafin da aka binne a ƙarƙashinta, garin kuma bai tsaya cik ba kamar yadda aka yi tsoro.

Sai dai ni abin da ya fi damuna rai ne, ba minti biyar da za a rasa a hanya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, tun kafin direba ya kai ƙafarsa kan birki. Mai gudun 30 kuwa mita 8 ce da 'yan kai. Titi mai faɗi, miƙaƙƙe, shi ke gaya wa direba ya taka, kuma babu allon gargaɗi da zai rinjayi abin da idonsa ke gani.

Alhaji Garba:
Injiniya, na gamsu da batun gudu, amma kin tsallake mutanen da rayuwarsu ta dogara da bakin titin. Mai shago yana buƙatar wurin da motar kaya za ta tsaya ta sauke, tsoho da mai lalura kuma suna buƙatar a ajiye su daidai ƙofar da za su shiga. Idan ba a tanadi waɗannan ba, direbobi za su mai da layin keken wurin ajiye mota tun a makon farko, mai keke kuma ya koma tsakiyar motoci cikin haɗarin da ya fi na da.

Injiniya Rabi:
Gaskiyarka, Alhaji, kuma shi ya sa nake cewa fenti kaɗai ba ya kare kowa. Layin keke na gaske sai an raba shi da motoci da dakalin kankare ko ginshiƙai, kamar yadda birnin Seville na Sifaniya ya yi daga 2006, inda ya gina hanyoyi masu haɗe da juna maimakon guntaye nan da can. Wurin sauke kaya kuwa a cikin zanen farko ya kamata ya fito, a ƙayyade masa lokaci, ko a mai da shi kan ƙananan titunan da ke shigowa.

Malama Hadiza:
Zan ƙara abu ɗaya da ake yawan mantawa, wato mararraba, domin a nan ne mai juyawa da mai tsallakawa ke haɗuwa. Idan aka matse kwanar, direba dole ya rage gudu kafin ya karya. Idan aka yi tsibiri, wato wurin tsayawar masu tafiya a ƙasa, a tsakiyar titi, mai tsallakawa zai fuskanci ɓangare ɗaya kawai a lokaci guda. Gadar masu tafiya a ƙasa kuwa ba ta burge ni, tunda mai ɗauke da kaya ko mai keken guragu ba zai hau matakala ba, kuma mutane sukan bar ta su ratsa ta ƙasa. A 2019 birnin Oslo na Norway bai rasa ko mutum ɗaya mai tafiya a ƙasa ko mai keke a haɗarin mota ba, bayan shekaru na irin waɗannan gyare-gyare.

Malam Sabo:
Na gode muku duka. Batun ƙirga mutane maimakon motoci ya shige ni, amma har yanzu ina tare da Alhaji Garba a kan tsari: idan bas ɗin ba ta zuwa a kai a kai, ware mata layi ba zai sa kowa ya ajiye motarsa ba. Injiniya, wanne ake fara yi, ƙara yawan bas ɗin ko gyaran titin?