Fulawa a shataletale, ruwa a cikin shago

Sani Mai Shinkafa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Daren jiya ruwa ya shiga shagona har gwiwa. Buhu 7 na jerin ƙasa duk sun sha, da asuba na tarar da butata tana yawo a bakin ƙofa. Kwatar layinmu ta cushe, ledar fiya wata da robobi sun yi mata murfi har yaro kan taka ya wuce. Amma je ka shataletalen gaba, fulawa ake dasawa ana shafa fenti. Ni dai na ce lambun shaƙatawa ɓarnar kuɗi ne, a kwashe kuɗin a yashe kwata. Don an ga mu Hausawa baƙi ne a Legas shi ya sa ba a waiwayar layinmu.

Hajiya Mai Tuwo: Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri Malam Sani.

Alhaji Bala Zango: Allah ya mayar maka da mafificinsa. Amma ka janye kalmar baƙi. Kai ne baƙo, da ka sauka a tirelar albasa shekaran jiya. Goro ya kawo kakana Agege, tun ana loda huhu a jirgin ƙasa zuwa Kano. A Zango aka binne cibiyata, a nan na binne mahaifina. Baƙon wa?

Usman Ɗan Acaɓa: Ranka ya daɗe, a 2022 da aka hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa, babu wanda ya tambaye mu inda aka binne cibiya. Hularka kawai za a kalla.

Alhaji Bala Zango: Dokar ta hau kan Bayarabe ma. Yaro man kaza.

Usman Ɗan Acaɓa: To Baba ka fito takarar ciyaman mu gani.

Malama Hadiza: Don Allah a dawo kan magana. Malam Sani, yawancin lambunan nan da furannin bakin titi aikin LASPARK ne, hukumar kula da lambuna ta jihar Legas da aka kafa a 2011, ba aljihu ɗaya ba ne da na ƙaramar hukuma. Ƙananan kwatocin unguwa da tsaftar kasuwa su ne ake bin kansila da ciyaman a kansu, manyan magudanai kuma na ma'aikatar muhalli ta jiha. Sannan fili mai ciyawa yana shanye ruwa. Mu ne muka dafe kowane tsakar gida da siminti, ruwan sama bai da inda zai nutse sai ya bi titi ya nemi shagon da ya fi gangara.

Sani Mai Shinkafa: Malama ni ban ga ciyawar da za ta shanye ruwan jiya ba.

Garba Mile 12: Ni fulawar da na sani mai amfani a Agege ita ce ta burodi.

Malama Hadiza: Ku yi dariya. Ranar 27 ga Janairun 2002 da bama-bamai suka tashi a barikin soja na Ikeja, ina 'yar firamare. Mahaifiyata ta goya ƙanina ta ja ni muna gudu ba mu san inda muka nufa ba, takalmi ɗaya a ƙafata. Mutane fiye da 1,000 suka rasu, galibi ba wuta ta ci su ba, magudanar Oke-Afa suka afka saboda ciyayi sun rufe saman ruwan. Da kowace unguwa na da buɗaɗɗen fili da aka sanar cewa nan za a taru in wani abu ya faru, da ba a yi wannan gudun famfalaƙin ba. Yau in gobara ta tashi a layinmu, ta ina motar kashe gobara za ta shigo? Rumfuna sun cinye hanyar. Kuma ku ajiye 767 da 112 a waya, kyauta ne, su ne na LASEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha, da sauran masu kai ɗauki.

Alhaji Bala Zango: Kun ji 'yar gida. Ba a haifi wannan baƙuwa ba.

Malama Hadiza: Baba ni ba wannan nake magana ba.

Injiniya Kabiru: A faɗi gaskiya, wanda ya san Oshodi kafin gwamnan lokacin, Fashola, ya share ta a 2009 ba zai raina shuka itace ba. Ƙananan hukumomi 57 gare mu, kowace tana ƙoƙari.

Usman Ɗan Acaɓa: 20 dai. Sauran 37 ɗin Tinubu ne ya ƙirƙiro su a 2003, har Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas a kansu. Tsarin mulki 20 ya sani. Kuma kotun ƙoli ta ce a watan Yulin 2024 a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. To ina yasar kwatar?

Injiniya Kabiru: Mun san jam'iyyar da ka yi wa ejan a zaɓen da ya wuce.

Usman Ɗan Acaɓa: Mu ma mun san wanda ya samu kwangilar fentin shataletale.

Injiniya Kabiru: Ka kawo shaida ko ka goge.

Garba Mile 12: Lambun ma a ina suke? JJT da Ndubuisi Kanu duk a Alausa, gindin gwamna. Muri Okunola a Victoria Island. Wa zai kwashi yara 6 a danfo don su zauna a ciyawa? Mu ko na Gani Fawehinmi da ke Ojota kusa da mu, daga tagar mota muke gaishe shi.

Hajiya Mai Tuwo: Garba kai ka yi shiru. Ruɓaɓɓen tumatir ɗinku ya fi ledar kowa toshe hanyar ruwa.

Garba Mile 12: Hajiya, duk Alhamis da safe ba a buɗe kasuwa sai an yi shara. Namu ruwan daga kogin Ogun yake zuwa in an saki dam ɗin Oyan. Ruwan wanke-wankenki fa, ina yake zuwa?

Hajiya Mai Tuwo: Ka fara biyana kuɗin tuwon watan azumi.

Sani Mai Shinkafa: Tunda an zo maganar kuɗi, dubu bibbiyun da muka haɗa bara don yasar kwata, wa ya riƙe?

Alhaji Bala Zango: Ba a nan ake wannan maganar ba. Ka janye baƙi tukuna.

Sani Mai Shinkafa: Alhaji shekarata 14 a Ikko ina biyan haya da kuɗin shara. In ni ɗan gida ne a yashe min kwata, in baƙo ne a ba ni dubu biyuna.

Admin (Nura Bala): Jama'a a tsaya haka, ga abin da aka cimma. Kowa ya amince Hausawan Agege ba baƙi ba ne, kamar yadda Baba Alhaji ya kawo tarihi dalla-dalla. An gano lambu aikin jiha ne, saboda haka zargin Malam Sani bai tsaya ba. An ja kunnen Usman kan shigo da siyasa. Batun kuɗin bara yana hannun dattawa, kada a sake ɗago shi a zaure. Malama ta ce a ajiye lamba, 676 ko me.

Malama Hadiza: 767.

Usman Ɗan Acaɓa: Admin ɗan Alhaji, ma'aji ƙanin Alhaji. Kowa ya amince ashe.

*Admin ya cire Usman Ɗan Acaɓa.*

Sani Mai Shinkafa: Hadari ya sake haɗowa ta wajen Abule Egba. Mai injin zuƙe ruwa ya taimaka ya kira ni.